Kafaɗar Kawu Lafiyarta Ƙalau

Daga Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan jiya, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Kawu, mai gidan ɗaga ƙarfen da ke ƙarƙashin benen teloli, a bayan tashar mota. Zazzaɓi ne ya fara kama shi, daga baya ya sauka a ƙirji, mako bai zagayo ba aka ce babu shi. Ina shagona na walda, tabarau a fuska, Tirela ya kira ni a waya. Tirela shi ne matashin da ya fi kowa ƙarfi da ƙarar murya a cikinmu masu ɗaga ƙarfe yanzu, amma ranar sai da na ce ya maimaita, don ban ji abin da ya faɗa ba.

Kawu, babu ko ɗaya daga cikinmu da ya haɗa jini da kai, amma ban taɓa jin wanda ya kira ka da wani suna ba. Har waɗanda suka girme ka Kawu suke ce maka, kana amsawa. Duk wanda ya taɓa sauka matattakalar nan ya san ɗakinka: warin tsatsa da gumi, madubin da ya tsage daga kusurwa, fankar da take juya kai gefe ɗaya kawai, da ƙarar kekunan ɗinki a bisa kanmu tun safe har yamma. A jikin bango akwai hotonka na ƙuruciya, ka miƙe da sandar da ta lanƙwasa saboda nauyin faifan ƙarfen da aka jera mata. Sabon zuwa yakan tsaya gaban hoton ya buɗe baki, kai kuwa ka ce masa ya rufe kada ƙuda ya shiga, ya je ya fara koyon mayar da ƙarfe inda ya ɗauko shi.

Alherinka ba mai surutu ba ne. Akwai wani malamin makaranta mai ƙiba da ya zo sau ɗaya, samari suka yi ta kallonsa ta madubi, bai sake dawowa ba. Ka bi shi har makarantarsu, ka ce masa kai ma kana son motsa jiki da sassafe kafin yaran nan su cika maka kunne, ko zai riƙa zuwa ya taya ka? Haka ka dinga buɗe masa ƙofa shi kaɗai, har ranar da da kansa ya ce zai koma zuwa da yamma. Wanda ka kama da allurar kumbura jiki kuwa, ba ka tozarta shi a gaban mutane, sai ka raka shi har bakin titi ka yi masa faɗan da sai ya gwammace duka. Ni ma siriri na zo maka, kamar a hure ni in faɗi. Kai ka gina ni, kai ka laƙaba mini Bijimi, har sunan ya bi ni shago, ya bi ni gida. Na kai lokacin da in ban da kai babu mai ɗaga abin da nake ɗagawa, kuma ban ɓoye jin daɗin hakan ba. Ina shiga ɗakin nan ne kamar ni na gina shi.

Shekara uku ke nan, wata safiya na faɗi a banɗaki. Na farfaɗo na ga mai ɗakina durƙushe a kaina tana kuka, harshena a taune, ban san inda nake ba. A asibiti aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwata. Likitar, wata mace mai magana a hankali, ta juyo da hoton ta nuna mini wani curi kamar wayoyin lantarki da suka harɗe. Ta ce da shi aka haife ni. Jijiyoyin da suke kai jini da ƙarfi suna juye shi kai tsaye cikin masu mayar da shi, waɗanda jikinsu ba shi da kauri, ba tare da ya bi ta ƙananan hanyoyin da suke rage masa gudu ba. Irin wannan curi yana iya zama shiru har mutum ya tsufa, yana iya kawo faɗuwa irin tawa, yana kuma iya fashewa jini ya malala cikin kai. Nawa yana can ciki, a wurin da ta ce taɓa shi ya fi barinsa haɗari. Ta ba ni maganin hana faɗuwa, ta ce a sa ido a kan hawan jini.

Ban tambaye ta ko zan rayu ba. Ƙarfe na tambaye ta. Ta ce ba za ta rantse mini cewa ɗaga ƙarfe ne zai fasa shi ba, don su kansu likitoci ba su gama sanin abin da ke fasa shi ba. Amma nauyi mai yawa, tare da riƙe numfashi da yunƙuri, yana cilla jini sama a lokaci guda, kuma da ɗan'uwanta ne ba za ta bar shi ya gwada ba. Ta ce kada kuma in koma in zauna, don zaman ma yana jawo hawan jinin da ake gudu. In yi tafiya, in tuƙa keke, in ɗaga marar nauyi ina numfashi. Ban da kifa kai ƙasa, ban da wasan da ake bugun kai, ban da iyo ni kaɗai. In na ji ciwon kai farat ɗaya irin wanda ban taɓa ji ba, ko hannu ya mutu, ko magana ta karkace, a wuce da ni asibiti, kada a tsaya shawara.

Na ɗauke ƙafa daga ɗakinka, ina aika saƙon cewa aiki ya yi mini yawa. Ba ciwon ne ya fi damuna ba, Allah Ya sani. Abin da ya hana ni barci shi ne in ga Bijimi riƙe da ƙarfen da muke ba sababbin zuwa, a gaban samarin da nake yi wa tsawa. Sai ga ka a shagona. Ka zauna a kan wata ƙofar da ban gama haɗawa ba, ka ce ba ka ga aikin da ya yi yawa ba, gara in nemo wata ƙaryar. Na gaya maka komai, kaina a ƙasa. Kalmar farfaɗiya ta ƙi fita daga bakina, kai ka faɗe ta, kamar kana faɗin mura. Na roƙe ka kada kowa ya ji. Ka ce ranar da zan koma ganin likita in biyo in ɗauke ka.

A gaban likitar nan na ga abin da ban taɓa gani ba, Kawu yana tambaya kamar ɗalibi. Wane nauyi ne ya yi yawa? Ta yaya za a gane ya wuce gona da iri? In ya faɗi a gabana me zan yi, me ba zan yi ba? Ta ce a kwantar da ni a gefe, a kawar da ƙarfe daga kusa, kada a cusa mini komai a baki. Ka sa ta maimaita. Da ta zo kan maganar numfashi sai ka dafe goshi, don kai ka koya mini in cika ciki da iska, in kulle, sannan in ɗaga. Abin da kowane mai ɗaga nauyi yake koya ke nan tun ranar farko, har ya zame masa jiki. Ka ce mata, "Likita, ni na ɗaura masa wannan, ni zan kwance."

Bayan kwana biyu ka tara mu a ɗakin, ka riƙe kafaɗarka ta dama, ka ce ta lalace, an hana ka babban ƙarfe. Ka ce ba ka son zama da ƙananan nan kai kaɗai kamar maraya, kana buƙatar wanda zai taya ka, kuma ka zaɓi Bijimi tunda ya fi kowa zaman banza. Aka yi dariya, aka yi ta yi maka sannu. Ba ka shawarce ni ba, ni ma a nan na fara ji. Da na so, a wurin zan ce ba haka ba ne. Ban musa ba, kuma na ji sanyi a raina, wannan ita ce gaskiya.

Daga ranar muka koma kusurwar da ke kusa da fanka. Ka sa katako a ƙarƙashin benci ta wajen kai don kada kaina ya taɓa yin ƙasa da ƙirjina, ka ce kafaɗar ce take son haka. Ka sayo na'urar awon jini, ka ce ta tsufanka ce, ka auna naka, sannan ka ce in kawo hannu mu ga wa ya fi wani. Kwance riƙon numfashin ne ya ba mu wuya. Ka fara da sa ni ƙirge da ƙarfi, sai ka lura ina haɗiye ƙirgen daidai inda nauyi ya ciza. Sai ka koma tambaya. Da zarar ƙarfe ya bar ƙasa sai ka jefo mini wadda ba a amsa ta da kai ko da "i". Wa ya koya mini walda, kuma me ya sa bai koya mini da kyau ba? Ta yaya ake gane ƙarfe mai kyau da na banza? Me mai ɗakina ta gani a jikina ta yarda ta aure ni? Mai magana ba ya iya kulle numfashi, abin da ka gano ke nan. In na yi shiru, sai ka ɗora yatsa ɗaya a kan ƙarfen, an gama na ranar, ko da roƙo. A kan keken da ba ya tafiya ma haka: in ban iya kai jimla ƙarshenta ba, to na yi sauri, in rage. Idonka ba ya kan damtsena, yana kan fuskata a cikin madubi.

Tambayoyi suka ƙare, ka koma jan musu. Ka zagi ƙungiyar ƙwallon da nake so, alhali ita kake so kai ma. Ka rantse cewa ƙofar da na yi wa ɗakin a karkace take. Samari suka sa wa kusurwarmu suna Majalisa, suna cewa manyan sun yi ritaya sun koma gulma. Duk wannan da sauƙi. Abin da yake ƙona ni yanzu shi ne yadda aka raba mana. Ni aka dinga yabo, ana cewa dubi Bijimi, ya ajiye ƙarfinsa don kada maigidansa ya ji kaɗaici, irin wannan biyayya ta yi wuya a zamanin nan. Kai kuwa tausayi aka ba ka. Ana ɗauke maka faifai daga hannu, ana matsa maka kujera. Aka gayyace ka gasar dattawa, wadda ka daɗe kana ɗokinta, ka ce kafaɗa. Wasu sababbi suka koma wani gidan, don a ganinsu me za su koya wurin wanda ba ya iya ɗagawa? Ina tsaye ina karɓar yabon nan, har ina sunkuyar da kai irin na mai kunya.

Sau ɗaya na ga ɓacin ranka. Tirela ya ɗaga nauyin da ya wuce nawa na da, ɗaki ya ɗauki sowa, ya juyo yana haki ya ce, "Bijimi, ko dai an koma ɗan maraƙi ne?" Wasa yake yi, amma jinina ya tafasa. Na miƙe na nufi sandar. Ban kai ba na ji ka yi ƙara, ka zube ƙasa riƙe da kafaɗa, kana cewa in zo in kai ka gida. Na tallafe ka muka hau matattakala. Muna karya kwana ka saki kafaɗar, ka fizge hannunka daga nawa.

"In mutuwa kake so, ba a ɗakina ba," ka ce. "Ka je ka fara gaya wa 'yarka tukuna."

Muka ci gaba da tafiya. Can ka sassauta murya ka ce, "Ba na gajiya da wannan, kada ka sa a ranka. Amma duk ranar da ka shirya faɗa musu, ka faɗa. A ranar kafaɗata za ta warke." Na ce kwanan nan, Kawu, bari in ɗan ƙara shiri. Ba ka sake tayar da maganar ba. Ni kuma na yi ta shiri har aka kira ni a waya.

A wurin zaman ta'aziyya na zauna cikin mutane ina jin yadda ake ba da labarinka. Wani ya ce dama tun da kafaɗar nan ta kama ka jikin bai ƙara daɗi ba. Wani ya ce ai ƙarfen ne ya ci ka tun da wuri, ƙarshen masu ɗaga nauyi ke nan, su ƙare ba sa iya ɗaukar bokiti. Aka nuna ni, aka ce ga wanda ya riƙe ka har ƙarshe. Da na shiga gaida Hajiya, mai ɗakinka, ta jira har mutane suka ragu, sannan ta ce, "Ɗan nan, ina ta ji ana cewa kafaɗa. Wace kafaɗa? Mutumin da ya hau mini bene da firij a bayansa shi kaɗai, kwanan nan? Na taɓa tambayarsa, ya ce amanar wani ce, ban sake tambaya ba." Ta dube ni da idanun da suka kumbura. "Kai ka fi kowa zama da shi. Ko ka san amanar wa ya riƙe haka?" Na ce Allah Ya jiƙansa, Hajiya. Na tashi na fita, takalmina ma sai da aka miƙo mini.

Akwai abin da kai ka ƙirƙiro mana a ɗakin nan. In ɗayanmu ya rasu, ranar da aka sake buɗe ƙofa sai a jera wa sanda nauyi mafi girma da ya taɓa ɗagawa, wanda ya fi kusa da shi ya ɗaga sau ɗaya, kowa ya yi tsit, sannan a yi masa addu'a a sauke. Ranar Asabar da ta wuce aka buɗe. Suka jera nauyin da ke cikin hoton nan naka. Babu wanda ya yi shawara a kan wa zai ɗaga, duk suka juyo suna kallona. Tirela ya ce, "Yaya, shekara uku kana ajiye ƙarfinka saboda shi. Yau ka fito masa da shi."

Na shafa alli a hannu. Na ɗaura bel. Ina sane da abin da likita ta ce, ina sane da 'yata, amma kunyar idanun nan ta fi mini su nauyi a wannan lokacin, kuma ba zan ƙawata wannan ba. Na sunkuya na kama sandar, na cika cikina da iska, na kulle. Ɗakin ya yi shiru, sai kekunan ɗinki a sama da bugun jini a kunnena. Ashe jikina jira yake yi a tambaye shi wani abu. Babu wanda ya yi tambaya. Hannuna ya buɗe da kansa, na miƙe ban ɗaga ba.

Kowa yana kallona. Da zan faɗi gaskiya, babu lokacin da ya fi wannan, a ɗakinka, a gaban hotonka. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Kafaɗata ce." Suka yi ta yi mini sannu. Tirela ya zo ya dafa ni a hankali, ya ce, "To ai zama da Kawu ne, har ita ka kwasa." Shi ya gwada sandar, ta kai masa gwiwa ta ƙi wucewa. Aka yi addu'a, aka watse, aka bar ta a jere don babu wanda ya ji daɗin sauke ta ba a ɗaga ba.

Da na gaya wa mai ɗakina abin da ya faru, ba ta ɗaga murya ba. Tana ninke kayan yara ta ce, "Abban yara, gadon da ka ci ke nan? Shi don ya raya ka ya yi. Kai don wa ka yi?"

Saboda haka, 'yan'uwana na ɗakin ƙarfe, da duk wanda ya yi wa Kawu sannu a shekarun nan, ku ji. Kafaɗar Kawu lafiyarta ƙalau, da ita aka binne shi babu abin da ya same ta. Tawa ma lafiyarta ƙalau. Ni ne marar lafiya. Ina da curin jijiyoyin jini a cikin ƙwaƙwalwa, na taɓa faɗuwa, ina shan maganin farfaɗiya safe da yamma, kuma ba zan sake ɗaga babban ƙarfe ba har in mutu. Ban ajiye ƙarfina don kowa ba. Shi ya ajiye nasa, a bainar jama'a, a ɗakin da ya gina da hannunsa, don kada a ga Bijimi ya rage. Yabon da kuka yi mini nasa ne, ku mayar masa. Ranar Litinin zan zo, in kuna so ku taya ni mu sauke sandar nan faifai ɗaya bayan ɗaya, in koma kusurwata. Zan buƙaci wanda zai tsaya kusa da ni yana sa ni magana, ya kuma san abin da zai yi in na faɗi. Wannan karon da bakina nake roƙo.

Ga wanda yake ɗauke da irin abin da nake ɗauke da shi, ba ni da ilimin da zan ba shi, likitansa ya fi ni sanin nasa curin. Abin da na sani kawai, a shekara ukun nan ban daina motsa jiki ba, jinina bai hau ba, ban sake faɗuwa ba, kuma bayan ikon Allah mutum ɗaya ne sanadi.

Hajiya, kin tambaye ni, na gudu. Amanata ce. Ki yafe mini zaman da kika yi kina jin ana tausaya wa mijinki a kan ciwon da ba shi da shi. Ina miƙa ta'aziyyata gare ki, da 'ya'yansa, da 'yan'uwansa, da duk wanda ya taɓa sauka matattakalar nan ya fito ya fi yadda ya shiga. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsaya muku a inda ya bari.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yalwata masa makwanci, Ya haskaka kabarinsa, Ya rufa masa asiri ranar da asirai za su tonu kamar yadda ya rufa mini nawa. Ya sa Aljanna ce makomarsa. Ya Allah, Kai Ka san abin da ya sa bawanKa ya riƙe kafaɗarsa ya faɗi abin da ba haka ba. In akwai alhaki a cikin wannan, kada Ka tambaye shi. Nawa ne.